Waken Ci-Duka: Baƙon Lokacin Sanyi Wanda Ba Ya Son Daɗewa a Wuta

 

A sanyin bara, wani kawunmu mai garka a bakin kogi ya aiko mana da ɗan kwando cike da wani irin koren wake mai faɗi, marar kauri, wanda idan aka ɗaga shi wajen haske ana hango ƴan ƙwayoyinsa a jere ta cikin kwasfar. Yaron da ya kawo saƙon bai zo da wani bayani ba. Innarmu ta juya guda ɗaya a hannunta, ta ce: "Wannan ai bai ƙosa ba, kawunku ya yi gaggawar tsinka." Nan take ta sa ƴammatan gida suka zauna suna ɓarewa, kamar yadda ake yi wa kowane wake. Bayan dogon zama, abin da aka tara bai cika ludayi ba, kwasfar kuwa aka zuba wa awaki.

Da kawun ya zo gaisuwa aka ba shi labari, sai ya riƙe baki ya ce: "Haba Yaya, ai abin da kuka ba awaki shi ne abincin." Ya sake aiko da wani. A wannan karo aka bi maganarsa, aka zuba shi duk da kwasfarsa cikin miya, aka jefa ƴar kanwa kamar yadda aka saba yi wa wake, aka bar shi kusan sa'a guda a kan wuta. Da aka sauke tukunya, babu wanda ya iya nuna inda waken yake, ya narke ya bi ruwa. Haƙiƙa Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Aikin wata biyu na mai garka, da ban-ruwan safe da yamma, ya tafi a banza har sau biyu a hannunmu.

Wannan asara ce ta sa muka nemi sanin wannan tsiro, muka kuma ga ya dace mu kawo wa iyalai abin da muka fahimta. Taƙaitaccen darasin shi ne, duk alherin wannan wake yana cikin ɗanyantakarsa, saboda haka a lokacinsa ake sayensa, a ranar ake girka shi, kuma zamansa a wuta bai wuce ƴan mintoci ba.

Wane irin wake ne?

Faransawa suna kiransa mange-tout, ma'ana "ci duka", shi ya sa muka zaɓi mu kira shi waken ci-duka. Mutanen Ingila ma da wannan suna na Faransanci suka san shi. Amurkawa suna kiransa da sunan da ke nufin waken dusar ƙanƙara, mutanen Sin kuma, waɗanda suka yi fice wajen girka shi, suna ce masa waken Holan. Shi da ƙananan koren waken nan masu mulmulalliyar ƙwaya da muke gani cikin gwangwani, waɗanda ake kira petits pois, tsiro ɗaya ne, masana suna kiransa Pisum sativum. An fara noma wannan tsiro a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, tare da alkama da sha'ir, don haka yana cikin tsofaffin amfanin gona na duniya. Dangantakarsa da waken da muke shukawa tsakanin gero ta nesa ce, ko da yake duk gida ɗaya suka fito.

Abin da ya raba waken ci-duka da ɗan'uwansa na gwangwani abu ne ƙarami. A cikin kwasfar na gwangwani akwai wata siririyar fata mai tauri kamar takarda, wadda haƙori ba ya iya taunawa, shi ya sa dole a ɓare a jefar da kwasfar. Waken ci-duka ba shi da wannan fata, don haka kwasfarsa ke da taushi da zaƙi, kuma ana tsinkarsa tun ƙwayar ba ta cika ba. Faransawa suna da tsofaffin ire-irensa, kamar wanda suke kira Carouby de Maussane da wanda suke kira Corne de bélier, wato ƙahon rago, saboda lanƙwasar kwasfarsa. Akwai kuma wani ɗan'uwansa mai kumburarriyar kwasfa mai kauri, shi ma duka ake cinsa, wanda wani masanin tsirrai Ba'amurke mai suna Calvin Lamborn ya samar, aka fara sayar da irinsa a 1979.

Ɗalibanmu na sakandare sun san wannan tsiro ta wata fuska. Da shi ne Gregor Mendel ya yi gwaje-gwajensa a garin Birno, a ƙasar Cek ta yanzu, ya kuma wallafa sakamakonsu a 1866, wanda ya zama tushen ilmin gadon halitta. Siffar kwasfa tana cikin siffofi 7 da ya nazarta. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ya zaɓi wannan tsiro shi ne, furensa yana barbarar kansa da kansa. Wannan yana da amfani ga mai garka: idan ya bar wasu kwasfa suka ƙosa suka bushe a jikin uwar, irin da ya ajiye zai ba shi kamar abin da ya shuka, ba sai ya sake sayen iri kowace shekara ba.

Kowane abu da lokacinsa

Waken ci-duka ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan zafin iska yana tsakanin digiri 13 da 18, kuma da zarar zafi ya zarce digiri 30 ya dawwama a haka, sai fure ya riƙa zubewa, kwasfar da ta fito kuma ta yi tauri da wuri. Wannan ne ya sa a Faransa lokacinsa yake kamawa daga wajen Mayu zuwa Yuli, bayan hunturu ya wuce kuma kafin zafi ya tsananta. A kudancin Sin amfanin hunturu da farkon bazara ne. A Kenya kuwa, inda ake noma shi a tuddai masu sanyi kewayen Dutsen Kenya, ana samunsa kusan duk shekara, ana loda shi a jirgin sama zuwa kasuwannin Turai. Ƙasar Gwatemala ita ma tana cikin manyan masu fitar da shi, musamman zuwa Amurka.

A ƙasashenmu na Sahel ƙofar ƴar ƙarama ce. A Yamai, alal misali, daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 15 ko 16, amma kafin ƙarshen Maris zafin rana ya doshi digiri 40. Tsiron yana bukatar kwana 60 zuwa 70 daga shuka zuwa tsinkar farko, saboda haka wanda ya shuka a Nuwamba shi ne zai tsinka a Janairu da Fabrairu, wanda ya yi jinkiri har shekara ta juya kuwa zafi ne zai riga shi. Wurare masu tudu da sanyi, kamar Filato ta Jos, da tuddan yammacin Kamaru, da duwatsun Ayar, yanayinsu ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba. Tsiro ne mai yaɗo, yana son a kafa masa karan dawa ko sanduna ya hau, kuma kamar wakenmu na gida, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a Nijar, kayan garka irin su karoti da salati da kabeji suka ƙara samun wurin zama a kasuwanninmu da tukwanenmu. Kowannensu da farko baƙo ne. Sabon kayan garka ba ya zama ɗan gida sai uwargida ta san yadda za ta yi da shi, domin mai garka ba zai sake shuka abin da ya kai kasuwa ya dawo da shi ba.

Akwai kuma wata dama da ke gabanmu. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, shi ya sa watan azumi ke matsowa cikin sanyi: na 2025 a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, na 2027 a farkon Fabrairu, haka har ya ratsa Janairu da Disamba a shekarun da ke biye, in Allah ya kai mu. Ke nan na wasu shekaru buɗa-baki zai riƙa haɗuwa da lokacin da kayan garka suka fi yawa da araha, kuma abincin da ke nuna cikin minti biyar ba ƙaramin sauƙi ba ne ga uwargida mai azumi.

Zaɓe, wanki da ajiya

Idan kika je saye, ƴar'uwa, ki nemi mai launin kore shar, mai sheƙi, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba sosai, wato wajen santimita 7 ko 8, ƙwayarsa kuma ba ta taso ba. Ki karya guda ɗaya ki gani. Idan ya karye ƙaras, sabo ne. Idan ya lanƙwashe kamar fata, ya kwana biyu. Wanda ƙwayarsa ta kumbura ta cika kwasfa ya wuce lokacinsa, haka ma wanda ya fara rawaya ko ya yi tabo.

Dalilin da ya sa ake gaggawa da shi shi ne, kwasfar tana nan da rai bayan an tsinke ta. Tana ci gaba da numfashi, tana ƙona zaƙin da ke jikinta, wani kuma yana juyewa ya zama sitaci, kuma zafi yana hanzarta wannan aiki ƙwarai. Masu fitar da shi waje suna sanyaya shi kusa da digiri 0 tun daga gona, a haka yake kai mako ɗaya ko biyu. A firjin gida, cikin leda mai ƴan huji, yana yin kwana uku ko huɗu lafiya, muddin ba a wanke shi ba kafin a ajiye. Gidan da babu firji, ko inda wuta ba ta tsayawa, sai a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a ajiye gindin randa, a girka kafin gobe. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a jihar Jigawa har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000, tana taimakawa sosai a lokacin busasshiyar iskar hunturu.

Batun wanki yana da muhimmanci na musamman a nan, domin sashen da maganin ƙwari da ruwan ban-ruwa ke taɓawa shi ne wanda za a ci. Wannan matsala ta taɓa manyan manoma ma: a 2013 Tarayyar Turai ta tsananta binciken koren wake da waken ci-duka da ke shigowa daga Kenya saboda ragowar maganin feshi, abin da ya jawo wa ƙananan manoma da yawa asara. Muna kira ga ƴan'uwanmu masu garka da su kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani tsakanin feshi da tsinka, domin amana ce. Uwargida kuma ta wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta tana murzawa a hankali. Inda ba a san irin ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, kada a ba yara shi ɗanye, a tsoma shi a tafasasshen ruwa tukuna.

Gyaransa ba wuya. A kama kan da ke da ɗan itace, a karya, a ja shi ƙasa ta gefen kwasfar, sai wani siririn zare ya biyo. Wannan zare shi ne ke maƙalewa a haƙori idan aka bar shi. Ƙananan kwasfa a bar su yadda suke, manya a raba su biyu a karkace.

Me ya sa ba ya son daɗewa a wuta?

Hannunmu ya saba da busasshen wake, wanda sai an jiƙa, an sa kanwa, an hura masa wuta sa'a guda ko fiye. Waken ci-duka kuwa kusan kashi 89 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, babu wani tauri a jikinsa da wuta za ta yi yaƙi da shi. A kowane giram 100 na ɗanyensa akwai kimanin miligiram 60 na bitamin C, wanda ya ɗan ɗara abin da ke cikin lemun zaƙi mai nauyi ɗaya da shi, ya kuma wuce miligiram 45 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa babban mutum a rana. Wannan bitamin yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da ke cikin gero da wake da ganyaye idan aka ci su tare, abin da mata masu juna biyu da ƙananan yara suke matuƙar bukata saboda ƙarancin jini. Sai dai bitamin C yana narkewa cikin ruwa, zafi mai tsawo kuma yana lalata shi. Kanwa ita ma tana lalata shi, sa'an nan tana sa kwasfar ta saki ta zama laɓo-laɓo. Abin da ya faru a tukunyarmu ke nan.

Tsami kuma nasa aikin daban ne: yana mai da koren launi ya koma dushi-dushi. Saboda haka idan za a matsa lemun tsami, sai an sauke, dab da kai wa gaban masu ci. Miyar tumatir ma tana da tsami, don haka a ƙarshe ake zuba shi a cikinta.

Hanyoyi uku na girki

Hanya ta farko ita ce ta Faransawa, kuma ita ce mafi sauƙi. A tafasa ruwa mai yawa, kamar lita 3 ga rabin kilo na wake, a sa gishiri. Idan ruwan yana tafasa sosai a zuba waken, kada a rufe tukunya. Bayan minti biyu a tsame, a tsoma cikin ruwan sanyi mai tsabta domin dahuwar ta tsaya, a tsane a kwando. Sa'an nan a narka man shanu cokali biyu a kasko, a jefa dakakkiyar tafarnuwa, a juya waken a ciki minti ɗaya. Ana cinsa da gasasshen nama ko kifi, ko a yanka shi cikin salati da dafaffen ƙwai da dankalin turawa.

Hanya ta biyu ita ce ta mutanen Sin, masu suya a babban kasko mai zurfi kan wuta mai ƙarfi, suna juyawa ba tsayawa. Ga iyali mai mutum shida, a nemi rabin kilo na wake, da giram 400 na tsokar naman sa, da albasa babba ɗaya, da tafarnuwa sala huɗu, da ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa. A yanka naman siri-siri a gicciye da jijiyarsa, a cuɗa shi da gishiri da masoro da cokali ɗaya na garin sitacin masara ko na rogo, a bar shi minti 15. A shirya komai a gefe kafin a ɗora kasko, domin da zarar an fara babu lokacin yanka. Idan kasko ya yi zafi ƙwarai a zuba man gyaɗa cokali uku, a soya naman kashi biyu, kowane kashi minti biyu, a kwashe. A zuba albasa da citta da tafarnuwa a juya rabin minti, a kawo waken a yi ta juyawa minti biyu, a yayyafa ruwa ko romo cokali huɗu, a mai da naman, a juya minti ɗaya, a sauke. Ana ci da farar shinkafa ko taliya.

A nan akwai abin lura ga gidan Musulmi. Littattafan girkin Sin suna yawan ambaton giyar shinkafa a irin wannan suya, wasu kuma da naman alade ko tsiransa suke yi. Romon nama yana maye gurbin giyar ba tare da abincin ya rasa komai ba, kuma naman sa ko kaza sanannu ne a wannan girki a can ma. Bugu da ƙari, mutanen Sin suna da wani ruɓaɓɓen baƙin waken soya da suke ƙara wa suya ɗanɗano da shi, wanda aikinsa ya yi kama da na daddawarmu. Mun gwada ƴar dakakkiyar daddawa tare da albasar, kuma abin ya karɓa.

Hanya ta uku ita ce shigar da shi cikin abincinmu na yau da kullum, kuma ƙa'idar ɗaya ce: shi ne na ƙarshen shiga tukunya. A dafa-duka, idan shinkafa ta nuna ruwa ya tsotse, a barbaza yankakken waken a sama, a rufe, a rage wuta, tururi ya dafa shi cikin minti uku zuwa huɗu. A dambu, a zuba shi a turarawar ƙarshe. A farfesun rago da karoti da dankali, wanda Faransawa ma suke da irinsa a farkon bazararsu, a sa shi saura minti huɗu a sauke. Alamar nunarsa ita ce korensa ya ƙara haske, kuma idan aka ciza ana jin ɗan garas. Mai garka kuma yana da wani ƙari: mutanen Sin suna tsinkar ƙananan ganyen kan tsiron masu taushi su soya da tafarnuwa minti ɗaya, abinci ne mai daraja a wurinsu.

Kwando na uku da kawunmu ya aiko ya zo ne a ƙarshen Fabrairu, ya ce shi ne na ƙarshe, domin fure ya fara zubewa. Innarmu da kanta ta tsaya a kan kaskon, wata jikarta tana riƙe da agogo tana ƙirga mata minti. Da aka ci aka suɗe kwano, ta ce a gaya wa ƙanenta ya bar wasu su bushe don iri, ya kuma ƙara kunya biyu a shukar Nuwamba. Muna fatan ƴan'uwa mata da suka gamu da wannan wake a kasuwa za su sayi ko da kashi ɗaya su gwada, masu garka kuma su riƙa yi wa masu saye bayanin girkinsa, kada abin da ya same mu ya sami wasu.

Allah ya albarkaci abincinmu, ya saka wa manomanmu da alheri, ya ba iyalanmu lafiya mai amfani.